Injin da Ke Jiran Yaya Lauwali

Litinin, 5 ga Fabrairu
Yaya Lauwali na kwance a asibiti da roba a maƙogwaro. Maganin feshin tumatir ne ya kwantar da shi, tankin ya yi ta tsiyaya a bayansa tun safe, bai faɗa wa kowa ba. Ina zai faɗa? Mutumin da i'ina ba ta barin sa ya ƙarasa sallama. Daga Roni muka kawo shi Kazaure, a Kazaure aka ce mu wuce Kano. Yanzu inji ke yi masa numfashi, sau goma sha shida a minti. Na ƙirga.

Talata, 6 ga Fabrairu
Wuni na yi ina karatu a waya. Turancin da na koya a jikin kwalayen magani da jaridar naɗe tsire yau ya yi rana. Ashe saitin injin iri-iri ne, biyu na gane sosai. A ɗaya, inji ke yanke lokaci da yawan iska, shi ke jan ragamar komai. A ɗayan, inji zai saurara sai mara lafiya ya fara ja da kansa, sannan ya ƙara masa. Yaya na kan na farko. A bar shi a nan.

Laraba, 7 ga Fabrairu
Ƙarar injin kamar ruwan dam ɗin Kazaure yana taɓa jikin kwalekwale.

Alhamis, 8 ga Fabrairu
Likita Khadijat ta ce jibi za su mayar da shi saiti na biyu. Na tashi kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce, Likita, kin san shi kuwa? Ko a kasuwar Roni ni nake yi masa ciniki. Sai ku zauna jiran ya fara?
Sista Monica, mai jinyarsa, ta ce, "Malam mai waya, in aka ci gaba da yi masa komai, ƙirjinsa zai manta aikinsa." Wai in ya daɗe bai ja ba, injin zai karɓa da kansa.
Na faɗi abin da ba zan rubuta ba. Inna ta ce, "Muhsin, bakinka." Shi ke nan abin da ta ce.

Juma'a, 9 ga Fabrairu
Bayan masallaci gyangyaɗi ya ɗauke ni a benci. Ga Yaya zaune kan dutse a Roni, in ya ja numfashi gonar tumatir duk ta ɗago, in ya sauke ta kwanta. Ja da kore, har bakin ruwa. Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi. Sai gonar ta tsaya cak.

Asabar, 10 ga Fabrairu
Sun canza. Sista Monica ta bar ni na tsaya bakin ƙofa, da sharaɗin in yi shiru. Injin ya yi tsit. Ɗaya, biyu, uku. Na ciji leɓe har na ji gishiri. A shida ƙirjinsa ya motsa, kaɗan, kamar tsuntsu a cikin riga. Injin ya bi shi a baya.
"Ka gani?" in ji ta. "Ba ya rigan sa."

Talata, 13 ga Fabrairu
An cire robar. Muryarsa ta dishe. Ya dube ni, ya fara, "Mu... mu... mu..." Kofin ruwa na hannuna, na san ruwa yake so, kalmar tana kan harshena. Ban dai faɗa ba. Na ƙirga har goma sha ɗaya.
"Muhsin. Ta... tankin. Yana gona. Ya... yara na wasa a wurin."
Ba ruwa ba ne ashe.
Na kira gida aka ɗauke tankin. Tun ɗazu nake tunanin sau nawa na ce "abin da yake nufi shi ne" a gaban mutane, shi kuma ya gyaɗa kai kawai.
Ba wai na canza ba ne. Bakina ne ya bushe. Gobe ya ce yana da wata maganar, doguwa. Zan zo da kujera.