Ƙyallen da aka ƙara wa jar ɗamara

Zuwa ga Goggo Shufen,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi daga 'yar ƙanenki Yanmei. Ina fata kina lafiya, ke da Kawu Baoshan, kuma ciwon wuyan da keken ɗinki ke sa miki ya yi sauƙi. Ubangijin Sama ya tsare ku a can Dongguan. Kakata, Nainai, kullum da safe sai ta kunna turare ta ambaci sunanki. Mun gama girbin masara, tana shanye a kan rufi. Baba yana wurin aikin gini a Urumci, inda waya ba ta cika shiga ba. Ni kuma na fara sakandare, sai dai har yanzu ban yi ƙawa ba.

Goggo, ki yi haƙuri da na rubuto maimakon in yi magana a waya. Duk lokacin da kika kira, kakana Yeye ne ke riƙe wayar, yana matso da ita dab da fuskarsa don kada ki ga sauran jikinsa. In aka miƙo mini, yana nan kusa, sai in ce miki lafiya lau.

Kin tuna jar ɗamarar da kika ɗinka kika aiko masa a bikin sabuwar shekara, tunda bana shekarar dabbar haihuwarsa ta zagayo, kamar yadda take yi a kalandarmu duk shekara goma sha biyu, don ta kare shi daga sharrin shekarar? Ba ta kai ba, Goggo. Da ƙugun da kika sani kika auna. Ya ja, ya riƙe numfashi, bakunan biyu suka ƙi haɗuwa. Tsoho Geng maƙwabcinmu yana nan, ya yi ta dariya, ya ce ai tumbin Yeye kan riga shi shiga gida ya gaida mutane kafin shi ya iso. Yeye ya bugi cikinsa ya ce wannan arziki ne, Geng kuwa ko iska ta taso sai an ɗaure shi a jikin bishiya. Nainai ta yanko jan ƙyalle ta ƙara a tsakiya, ta ce kada wanda ya gaya miki, ranki zai ɓaci.

Da bazara aka yi awon lafiyar tsofaffi a asibitin ƙauye, na raka shi. Likita Pang ta zagaya masa tef a ƙugu, yana ta tsiya, wai shi alade ne da za a auna kafin a kai kasuwa? Ita ba ta yi dariya ba. Da sakamakon jini ya fito ta ce ƙugun ya wuce santimita casa'in da nisa, kitse ya yi yawa a jininsa, kuma idan waɗannan biyun suka haɗu a jikin tsoho, ciwon sukari na kusa. Shi kam ciwon ya riga ya kama shi. Ta ba shi magani, ta hana shi naman alade mai kitse da shayi mai sukari, ta ce a rage taliya da farin burodi. A hanya ya ce mini yana yaro ya ci ɓawon itace, ya ga an binne ƙannensa biyu saboda yunwa, yanzu da abinci ya samu ba yarinyar da za ta ƙwace masa kwano. Maganin yana nan kan kabad, bai sha rabi ba.

Tun damina ya fara shan ruwa kamar ba ya ƙoshi, yana yawan fita fitsari, sai kuma rama. Nainai ba ta iya ganin mutum yana ramewa. Tana dafa masa naman nan da ya fi so, tana cewa: “Ci, tsohon nan, ci ka dawo yadda kake.” Na gaya mata abin da likita ta ce, ta ce ni yarinya ce, ban taɓa kwana da yunwa ba. Ta ci gaba da zuba masa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ƙafarsa. Kututturen masara ya soke shi a gona, bai ma ji ba, ni na ga jini a takalminsa. Ciwon ya ƙi warkewa, yanzu babban yatsan ya fara baƙi, yana wari. Likita Pang ta zo har gida, ta ce a kai shi babban asibitin gunduma cikin makon nan, in an jinkirta ƙafar ce za ta tafi, ba yatsa kaɗai ba. Ya ƙi. Ya ce ba a sa wa mutum wuƙa a shekarar haihuwarsa, a bari sai ta fita. Ya ɗaga riga ya nuna mata ɗamarar, ya ce: “'Yata ce ta ɗinka. Ita za ta tsare ni.” Tsoho Geng ya daina yi masa tsiya, zuwa yake ya duba shi ya tafi.

Goggo, maganarki kaɗai yake ji. In ke da kika ɗinka ta kika ce masa ɗamarar ba ta hana zuwa asibiti, zai tashi. Ki zo in za ki iya. In ba hali, ki kira ki ce sai ya nuna miki ƙafar, kada ki yarda da fuska. Na san zai yi fushi da ni, sai dai ya yi.

Shekaranjiya ɗamarar ta zame masa har ƙasa yana tsaye a tsakar gida. Nainai ta zauna a bakin ƙofa ta warware ƙyallen da ta ƙara, tana yi tana share ido. Yanzu ɗamarar ta yi masa daidai yadda kika ɗinka ta, har ya yi murna, wai 'yarsa ta san awonsa. Na tsinci ƙyallen na saka miki a cikin ambulan ɗin nan. Ki shimfiɗa shi a tafin hannunki ki gani. Abin da ya zube daga jikin mahaifinki ke nan.

Ki gaida Kawu Baoshan da ɗan'uwana Tiedan. Nainai tana gaishe ki, ko da yake ba ta san na rubuto ba.

Taki mai jiran kiranki,
Yanmei