Wai Alminiyam Ba Ya Tsatsa

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Sufuri da Kayan Aiki,
Ofishin Gudanarwa, Bene na Biyu.

Daga:
Direban motar ɗaukar marasa lafiya mai lamba huɗu,
wanda aka fi sani da Baba Sannu-Sannu,
Ɗakin Direbobi, bayan gareji.

Kwanan wata: 2 ga Yuni, 2023.

GAME DA: Ƙorafi a kan Shugaban Gareji, bisa zuba wa mota ta huɗu ruwan lagireto da ba nata ba, da kuma ɗora mini laifin mutuwar injinta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto wannan takarda ne saboda kwamitin ladabtarwa zai zauna a kaina ranar 8 ga wannan wata, kuma an sanar da ni cewa hukuncin da ake shirin yankewa shi ne kora bisa laifin sakaci. Shekarata ashirin da shida ina tuƙi a wannan ma'aikata, saura mini wata bakwai in yi ritaya. Ban taɓa goge ko madubin wani ba, abin da ya sa ma abokan aiki suka laƙaba mini sunan da ke sama ke nan. Ba zan bari a rufe fayil ɗina da kalmar sakaci ina raye ba. Ga ƙorafina dalla-dalla.

1. An miƙa mini mota ta huɗu sabuwa fil a watan Agusta na 2020. Injinta da lagiretonta duk na alminiyam ne, ba irin tsofaffin motocinmu masu injin baƙin ƙarfe ba. Littafin da ta zo da shi ya faɗi irin ruwan sanyaya injin da za a zuba mata, da lambarsa, ya kuma yi gargaɗi cewa kada a gauraya shi da wani iri, in kuma za a tsinka shi, to da tataccen ruwa, irin wanda muke zuba wa batir. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma 'yata ta karanta mini wannan shafi sau biyu, na kuma naɗe gefensa.

2. Ranar 9 ga Maris, 2021, na kai motar gareji a yi mata juyen mai. Ba wanda ya ce a taɓa lagireto. Na je na dawo na tarar Shugaban Gareji ya sa an tsiyaye ruwanta na asali a ƙasa, an cika ta da koren ruwan nan na cikin duro da ke ƙofar sito, wanda ake ɗura wa manyan motocin dakon kaya. Da na nuna masa littafin, ko karɓa bai yi ba. Ya ce shi yana kwance inji tun kafin a haifi wanda ya rubuta littafin, kuma ruwan lagireto ai launi ne kawai, masu sayarwa ke rina shi don su ruɗi jahilai. Ranka ya daɗe, ni aka kalla lokacin da aka ce jahilai.

3. A nan ne ya faɗi maganar da ta kai mu inda muke yau. Ya ce in kwantar da hankalina, alminiyam ba ya tsatsa. Hujjarsa kuwa ita ce tukunyar maiɗakinsa, wai shekara ashirin ana girki da ita bai taɓa ganin ta yi ja ba. Makanikai suka tuntsire da dariya. Amma ina so a rubuta a fayil cewa wannan mutum tsatsa ɗaya ya sani a duniya, wato ja. In bai ga ja ba, lafiya lau ke nan. Alminiyam kuwa ba ja yake yi ba. Farin gari yake fitarwa kamar toka, yana cinyewa ta ciki yana yin ƙananan ramuka, waje na ƙyalli. Da ya tambayi maiɗakin nasa da yake kafa hujja da ita, da ta gaya masa abin da ke samun gindin tukunya idan aka saba barin ruwan gishiri a ciki. Tawa matar ta kai tukwane uku wurin mai faci.

4. Tun daga wannan rana, duk lokacin da ruwan ya ragu, da tiyon rijiyar burtsatse ake ƙara shi, ruwan da kowa ya san yana barin farin ɓawo a butar shayin ɗakin direbobi. Na roƙi a ba ni tataccen ruwa ko jarka ɗaya. Shugaban Gareji ya ce mota ba jaririya ba ce da za a dafa mata ruwa.

5. Ban tsaya a baki ba. Na rubuta masa takarda ranar 12 ga Maris, 2021, na sake rubuta wata ranar 4 ga Nuwamba, 2022, bayan na buɗe murfin lagireto na ga ruwan ya yi kauri ya koma kalar ƙasa, da wani farin abu manne a wuyan murfin. Duka biyun magatakardan gareji ya buga musu hatimin karɓa, kwafinsu na hannuna. Amsar da na samu ita ce, aka ce tsufa ya fara taɓa ni, na zama mai ganin aljanu a cikin lagireto.

6. Ranar Talata, 16 ga Mayu, 2023, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na ɗauko wani dattijo mai ciwon ƙoda zan kai shi babban asibiti wankin ƙoda, ɗansa na zaune kusa da shi. Kafin in fita na duba mai, na duba ruwa, na sa hannu a littafin fita kamar kullum. Muna tsakiyar hawan gada allurar zafi ta miƙe tsaye. Nan take na gangara gefe na kashe mota. Tururi ya turnuƙe bonet, ruwa na zuba ta ƙasa kamar an kwance famfo. Minti hamsin dattijon nan yana kwance cikin zafin rana kafin wata motar ta iso. Ɗansa ya riƙe mini wuyan riga a gaban jama'a, ya ce in uban nasa ya mutu ni na kashe shi. Ban ga laifinsa ba, domin a matsayinsa ni ma abin da zan faɗa ke nan. Allah Ya sa dattijon ya kai da rai. Amma har yau in na rufe ido ina jin numfashinsa a bayana.

7. Ranar 19 ga Mayu aka ba ni takardar tuhuma, bisa rahoton Shugaban Gareji cewa na fita da mota ba ruwa, na kuma yi gudun wuce kima. Ni, Sannu-Sannu, gudu! Mutumin da ya kashe motar shi ya duba gawarta, shi ya rubuta abin da ya kashe ta, shi ne kuma aka sa a kwamitin da zai hukunta ni. Aka manna takardar a allon sanarwa na bakin ƙofa, inda 'yata, wadda ma'aikaciyar jinya ce a nan, take wucewa kowace safiya. Wannan rahoto ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda ya rubuta shi ya san ƙarya ce. Shafa mini kashin kaji ya yi don ya wanke kansa, kuma ban yafe ba.

8. Da aka kwance injin, an jefar da famfon ruwan motar da bututun lagireto a tarin tarkace bayan gareji, ba a ambace su a rahoto ba. Na je na tsinto su da hannuna.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin ladabi nake roƙon a cire Shugaban Gareji daga kwamitin ranar 8 ga wata, a kawo makaniki daga waje wanda ba ya cin abinci a ƙarƙashinsa ya duba injin, a janye takardar tuhumar, a kuma cire ta daga allo a gaban mutanen da suka ga an manna ta. Ina kuma roƙon a rufe duron nan, a sayo wa kowace mota ruwan da littafinta ya ambata, bisa lamba ba bisa launi ba, a wanke lagireton duk wadda aka gurɓata. Mota ta biyu da ta biyar irin tawa ne, daga duro ɗaya suka sha, kuma yau da safe na ga ta biyar ta fita da mai naƙuda. Motar ofis da ke kai ka gida ma a layi ɗaya aka cika ta da mu.

Na haɗo wannan takarda da kwafin wasiƙuna biyu, da shafin littafin motar, da guntun bututun da na tsinto, a cikin ambulan mai ruwan ƙasa. Ba na neman a yarda da maganata. Ina roƙon ka ciro guntun nan, ka ɗaga shi saitin tagar ofishinka. Ba za ka ga ja ko ɗigo ba, wannan kam Shugaban Gareji ya yi gaskiya. Hasken rana za ka gani yana shigowa ta jikinsa. In gudu ne ke huda ƙarfe haka, to a kore ni.

Ka huta lafiya. Allah Ya ƙara girma, Ya kuma yi maka jagora wajen adalci.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Direban mota ta huɗu,
Baba Sannu-Sannu.