Layin da Malam Yake Tsallakewa

Masaukin baƙi,
Gandun namun daji,
Litinin.

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma aikin asibiti. Ni ma lafiya, sai dai gwiwa.

Na san kin je gida kin tarar da kwaɗo a ƙofa. Kada ki tada hankalin maƙwabta, ban ɓata ba. Mabuɗi yana wurin tela. Ina gandun dajin nan inda yayanki yake aiki. Kin san ni da waya, kunnena ba ya ɗauka, nan kuma ko sabis babu. Direban motar da ke kawo kayan abinci shi zai kawo miki wannan.

Kada ki yi murna, ba wurinsa na zo ba. Maganata tana nan yadda na faɗe ta shekara ashirin da shida da suka wuce, ranar da ya bar kwalejin malamai saura wata huɗu ya gama, ya shigo mini gida da kakin masu gadin daji: kada ya sake taka ƙofata sai na kira shi. Ban kuwa kira ba. A bakin ƙofar gandu "tsohon hedimasta" kawai na rubuta. Na ji ana cewa ya fita sintirin kwana goma da mutanensa. Ban tambaya ba, ji na yi.

Abin da ya kawo ni shi ne, kwana biyu kafin mahaifiyarki ta cika, ta ce mini, "Malam, in na tafi ka je ka ga giwa." Na ɗauka zafin ciwo ne. To, wata uku ke nan gidan ya yi mini faɗi. Har yanzu kofi biyu nake wankewa da safe. Sai na ce bari in cika mata wannan.

Yau aka zaga da ni a mota, ni kaɗai a kujera takwas. Direban mai surutu ne. Ya ce, "Baba, ba ko jika ɗaya da zai riƙe maka sanda?" Na ce giwa na zo gani, ba kokawa da ita ba. Ya ce, "To in ɓauna ta taso, ni gudu zan yi. Kai sai ka ba ta aikin gida."

Mun ga barewa da gwanki, sannan muka ci karo da giwaye suna tsallaka hanya, babbar tana tura ƙarama da hannu. Na juya gefena na ce, "Kin gani?" Direban ya leƙo ta madubi, ya mayar da ido kan hanya.

Ki gaida kowa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.

*

Laraba.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri.

Akwai wata rumfa ta katako a bakin tafki, inda baƙi suke zama su kalli namun da suka zo shan ruwa. A ciki akwai benci biyu da tebur, da littafi da biro ɗaure da zare. Ƙa'idarsu, duk wanda ya zauna sai ya rubuta abin da ya gani da adadinsa, da haka suke sanin me ya ƙaru, me ya ragu. Mai gadin rumfar dattijo ne, ya kusa tsarana. Da ya ga ina gyara wa mutane rubutu da ido, sai ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito mini da tsofaffin littattafan, wai in rage zaman banza.

Na buɗe na shekara goma sha tara da suka wuce, sai na ga rubutun hannuna.

Auta, ban taɓa taka dajin nan ba sai ranar Lahadi. Amma ga shi, nawa ne, yadda nake kwantar da baƙaƙe, yadda nake ja wa kwanan wata layi biyu kamar a allon aji. Na cire tabarau na goge na mayar. An rubuta: "Giwa tara. Dorina biyu. Ɗana ya rame. Matar hedimasta."

Na ce da mai gadi, wa ya rubuta wannan? Ya duba ya yi murmushi. Ya ce, "Ai Innar Oga ce. Duk shekara sai ta zo ta kwana uku. A wannan bencin da kake take zama, ta ce, 'Miƙo biro, kada giwayen su wuce ban ƙirga ba.' Allah ya jiƙanta, tsohuwar kirki."

Mahaifiyarki, Auta. Wadda shekara hamsin da ɗaya ni nake karanta mata takardar magani. Wadda take dangwala yatsa a asibitinku. Wadda duk shekara nake raka ta tasha za ta wurin ƙanwarta.

Na bi littattafan ɗaya bayan ɗaya. Tana cikin kowanne. Kuma a ƙarƙashin lissafin namun daji, kowace shekara, akwai magana ɗaya da ba ta canzawa: "Bana ma Malam ya tsallake layin."

Dole in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yayanki yana rubuto mata wasiƙa sau ɗaya a shekara. Takan kawo mini a rufe, ta zauna a tabarma ta ce, "Malam, karanta mini." Ina karantawa tsaf, ba na canza komai, sai layin ƙarshe. Kullum da shi yake rufewa: "Inna, ki tambayi Baba ko in zo." Ni kuwa sai in tsallake, in ce, "Ya ce a gaida kowa." Sai ta ce, "Shi ke nan?" In ce shi ke nan. Ta karɓa ta ninke.

Mai gadi ya dubi fuskata, ya ce ko rana ce, ya ba ni ruwa.

Ki faɗa mini gaskiya. Kin sani? Yaushe ta koya? Wa ya koya mata a gidana ban sani ba?

Mahaifinki.

*

Asibiti,
Juma'a.

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka fatan lafiya. Wasiƙunka biyu tare suka iso. Kwana huɗu ina zaga gari, har ɗakin ajiye gawa na leƙa, Baba. Tela sai jiya ya tuna ka bar masa mabuɗi. Wannan maganar sai ka dawo.

Eh, na sani. Tun ina aji uku.

Ba wanda ya koya mata. Kai ne, ba ka dai sani ba. In ka tafi makaranta sai ta ɗauko tsofaffin littattafan shirin darasinka daga saman kwaba, ta ɗora takarda mai shara-shara a kai tana bin rubutunka. Ni nake faɗa mata sautin baƙaƙen, ta ce in na faɗa maka sai ta yanke mini kunne. Da Yaya ya tafi ta fara, don ta ce ba za ta riƙa jin muryar ɗanta ta bakin wani ba. Ta so ta nuna maka. Ranar da ta yi niyya, kana gaya wa baƙi cewa ka koyar da rabin garin nan amma allo bai karɓi kan matarka ba, kowa ya yi dariya, har da ita. Sai ta fasa.

Wasiƙun Yaya kuwa, ita take fara karantawa. Ta kara ambulan a tururin buta, ta buɗe, ta karanta, ta liƙe, sannan ta kawo maka. Na sha ce mata, "Inna, ki faɗa masa kin gani mana." Sai ta ce, "In na faɗa, kunya za ta sa ya ce ya zo, ba zuciya ba. Kuma daga ranar ba zai sake iya haɗa ido da ni ba. Ki bar shi, wata shekara zai karanta." Sau ashirin da biyar tana zama a tabarmar nan tana jiran ka kai layin.

Ga wanda ba ka tambaya ba. Yaya ya zo jana'iza. Ni na aika masa. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya yi maka gaisuwa a cikin layi kamar kowa, ka ce masa "Na gode, bawan Allah." Da aka dawo ya tsaya a ƙofar gida, bai shiga ba. Na ja shi, ya ce, "Bai kira ni ba, Auta."

Ban rubuto don in ƙona maka rai ba. Amma shekararka tamanin ba ɗaya, zuciyarka ba ta da ƙarfi, kuma yanzu babu mai zama a tabarma ta jira ka. Abin da ya rage tsakaninka da shi ne.

Ka riƙa shan ƙwayar safe bayan ka ci abinci. Yara suna gaida kakansu, ƙaramar ta ce ka kawo mata giwa.

'Yarka,
Auta.

*

Lahadi.

'Yata,

Na gaishe ki. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku, ban tsallake komai ba.

Jiya ban fita kallon komai ba. Na zauna a bakin gado ina neman fuskarsa a cikin layin masu gaisuwa. Na tuna tela, na tuna mai kanti, na tuna ɗalibaina. Shi ban same shi ba. Na kama hannun ɗana na ce masa bawan Allah.

Yau da safe na sa riga na tafi ofishin gandu. Ɗaki ne ƙarami, taswira a bango, da wata mata a gaban rediyon oba-oba tana magana da masu sintiri. Na ce mata ni ne mijin matar hedimasta. Ta dube ni, ta miƙe tsaye, ta ba ni kujerarta. Ashe kowa a nan ya san da ni. Ta ce, "Baba, in ba shi saƙo?" Na ce a'a, ba saƙo ba ne, kira ne, kuma da bakina.

Ta danna ta miƙo mini. Na shirya magana mai tsawo tun a hanya, da gabatarwa da komai. Duk ta gudu. Na ce, "Ni ne. Babanka ne. Na kira ka." Matar ta ce in saki maɓallin, in ba haka ba ba zai iya amsawa ba. Na saki. Na'urar ta yi ta ƙara, na ga bakin matar ya motsa, amma kunnen nan bai ba ni ko kalma ɗaya ba.

Na ce, "Me ya ce?" Ta ce, "Ya ce ya ji." Na ce, "Shi ke nan?" Ta ce shi ke nan. Na kalli idonta da kyau, don na san yadda ake yi. Ban gane komai ba.

Ranar Talata za su dawo. Ki yi mini addu'a.

Mahaifinki.

*

Talata.

Auta,

Gaisuwa. Direba yana jira, don haka a taƙaice.

Tun hantsi na tsaya a bakin sansaninsu. Motar ta iso da azahar. Mutum shida suka sauko, kaki iri ɗaya, hula iri ɗaya, duk sun yi baƙi da rana. Na dube su ɗaya ɗaya. Ban gane shi ba.

Na dogara sanda na ce da su duka, "Wanda yake nawa a cikinku, ya yafe mini."

Biyar suka sunkuyar da kai suka wuce. Ɗaya ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya cire hula.

Bai ce ya yafe ba. Ya ce, "Baba, tashi daga rana." Ya kawo mini kujera inuwa, shi ya zauna a ƙasa. Yanzu haka yana nan kusa da ƙafata yana kwance igiyar takalmi.

Yana da furfura, Auta. Ba wanda ya faɗa mini yana da furfura.

Ki huta lafiya.

Mahaifinku.