Kaftin, Da Wane Ma'auni Ka Ce Ɗana Ya Shirya?

Zuwa ga Kaftin Jibrin, mai horar da 'yan ƙwallon kwando a makarantar sanawiyya, wato sakandaren da 'ya'yanmu suke karatu, tare da sanar da Mudir, shugaban makarantar, da iyayen yara na unguwannin Mansur da Tandabawi a nan Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. A gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar nan.

Ni ne Sa'idu, wanda kuke kira Abu Anas, direban bas ɗin alhazai a wani masauki da ke unguwar Misfala. Ba baƙonka ba ne ni. Mahaifinka da nawa, Allah ya jiƙansu, a sahu ɗaya suka yi sallah har suka koma ga Ubangiji. Da Larabci na fara rubuta wannan takarda, sai na ajiye, domin iyaye mata da kakannin yaran da kake horarwa da Hausa suke jin magana ta shiga, kuma su nake so su ji. Na so mu yi ta tsakaninmu. Na kira wayarka har na gaji, na zo makaranta aka ce kana fili, na je fili aka ce ka fita. Sai a walimar auren ɗan Malam Idi na ji da kunnena kana gaya wa mutane cewa Anas ne bai dage ba, wai yaran yanzu ba su da juriya. Tunda a bainar jama'a ka faɗi taka, a bainar jama'a zan faɗi tawa.

Na farko, maganar da ka yi a gidana.

Anas ya shigo hannunka yana ajin farko na sanawiyya, ya riga ya fi kowa tsayi a makarantar, har da malamai. Shekara uku kana tare da shi. A shekarar ƙarshe kuka ci gasar makarantu, aka ɗaga shi a kafaɗa, bidiyonsa ya zagaya wayoyin unguwa har 'yan uwanmu na Kano suka bugo suna yi mana murna. A lokacin yaron ya samu gurbi a wata kwalejin fasaha a nan Makka, inda zai riƙa kwana a gida, yana taimakon mahaifiyarsa da ƙannensa. Shawararmu ta tsaya a kan haka. Kai ka zo bayan la'asar, ka zauna a falona, ka sha shayi, ka ce kada mu binne baiwar da Allah ya ba mu. Ka ce akwai jami'a a Jidda da take neman dogayen yara, ka riga ka yi magana da su. Na tambaye ka tambaya ɗaya, domin ni tuƙi na sani, ban san kwando ba. Na ce, "Kaftin, tsakaninka da Allah, ya isa ya kara da 'yan jami'a?" Ka dafa ƙirji ka ce, "Abu Anas, wallahi ya shirya. Jami'ar ce ma ba ta shirya masa ba." Mahaifiyarsa tana bayan labule, ta ji. A kan wannan magana muka saki gurbin Makka. An ba wani, kuma ba ya dawowa.

Na biyu, abin da na gani da idona.

Yaron ya tafi. Duk ranar Alhamis da ya zo gida sai mu tambaye shi wasa, ya ce alhamdulillah, ya shige ɗaki. Ya rame. Tamis da ful, burodi da waken nan da yake cinye rabon mutum biyu da safe, sai ya ɗan taɓa ya ture. Mahaifiyarsa ta ce wani abu na damun yaron nan, na ce karatu ne.

Wata rana na sauke alhazai a filin jirgi da wuri, na tuna ya taɓa cewa suna da wasa ranar. Na ce bari in ba shi mamaki. Na nemi zauren wasan, na shiga da kayan aikina a jiki, na tsaya ina duba 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya cikin fili. Na duba benci, ba ya nan. Ina shirin fita, a zatona na yi kuskuren rana, sai na hango shi can sama cikin 'yan kallo, da farar jallabiyarsa, yana tafa wa waɗanda aka ce mana abokan wasansa ne. Da muka haɗa ido, hannuwansa suka tsaya a sama. Kaftin, kai ma uba ne. Ba na yi maka fatan ganin irin fuskar da na gani ranar.

A cikin bas ya gaya mini gaskiya. Tun makonnin farko aka cire shi daga ƙungiyar. Ya ɓoye mana ne saboda ya ji kunyar unguwa, kuma ya san abin da muka bari dominsa.

Na uku, abin da mai horar da su na jami'a ya gaya mini.

Ban tafi ba sai da na gan shi. Dattijo ne mai mutunci, bai wulaƙanta ni ba, bai kuma kushe ɗana ba. Ya ce yaron yana da ladabi, yana da hannu mai kyau, amma an kawo masa shi kamar wanda bai taɓa shiga makarantar ƙwallo ba. Ya zayyana mini, ni kuma na dawo na tambayi Anas, ya tabbatar.

Shekara uku ka tsayar da shi a ƙarƙashin kwando. Aikinsa ya ɗaga hannu, a cillo masa, ya saka. In ya kama ƙwallo a tsakiyar fili ya fara tafiya da ita, sai ka daka masa tsawa ya miƙa wa wani. In ya gwada jifa daga nesa, ka ce ba aikinsa ba ne. A makarantu wannan ya ishe ku cin kofi, tunda yaran da kuke karawa da su iyakarsu kafaɗarsa. A jami'a ya tarar da waɗanda suka fi shi tsayi, suka fi shi faɗin ƙirji, suka kuma girme shi da shekaru. Wurin da ka raine shi a kai akwai masu shi. Aka ce to, ya fito waje ya yi wasa. Ba ya iya buga ƙwallo da hagu. Ba ya iya tare mutum mai gudu, domin tsaron da ka koya masa shi ne ya tsaya cak ya miƙe hannu. Kafin a je rabin atisaye ya riƙe gwiwa yana haki, saboda filinku na makaranta bai kai tsawon filin gaske ba, kuma ba ka taɓa sa su gudun da zai cike wannan giɓi ba. Ko agogon da yake ƙirga wa ƙungiya daƙiƙun jifa, a jami'a ya fara wasa a ƙarƙashinsa.

Sai maganar kwandon kansa, wadda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kwandon filinku ya sunkuya, bai kai tsayin da doka ta ce ba. Yara sun sani, kai ma ka sani, domin Anas ya ce sun sha gaya maka kana cewa ma'alesh, ba komai, za a gyara. A wannan kwando aka ɗauki bidiyon da yake tsalle yana danna ƙwallo da hannu biyu, bidiyon nan kuma shi ka tura Jidda. Ranar gwaji aka ce ya yi abin da aka gani a waya. Ya yi tsalle a gaban mutane, ƙwallo ta daki bakin ƙarfe ta dawo masa a fuska. Haba Kaftin! Ka tura yaro da shaidar da kai kanka ka san ba za ta tsaya ba?

Na huɗu, karatu.

Wannan laifin ba naka kaɗai ba ne, shi ya sa na sa Mudir a cikin masu karɓar takardar nan. Duk lokacin da gasa ta matso, kai kake shiga aji ka fitar da 'yan wasa, mafi yawa a darasin lissafi da Turanci, malamai kuma su ɗaga musu ƙafa a jarrabawa saboda kofi. Mu iyaye sakamako mai kyau muke gani, muna hamdala. A jami'a ba wanda ya san kofinku. Can dokarsu ita ce, wanda makinsa ya faɗi ko benci ba zai zauna ba. Anas ya faɗi darussa biyu a zangon farko, kuma su ne dai waɗanda ake fitar da shi daga cikinsu. Ka ga ke nan ko da ƙafarsa ta kai, takardarsa ba za ta bar shi ba. Ta wace fuska ce ya shirya?

Ban ce ba ka yi wa yaran unguwa komai ba. Ka raba da yawa daga cikinsu da zaman banza a bakin titi, kana tsayawa da su cikin zafin Makka lokacin da kowa yake neman inuwa. Na yaba, kuma na sha faɗa. Amma cin kofin makarantu daban, shirya yaro ya kara da manya daban. Kai na farkon ka yi, ka sayar mana da shi da sunan na biyun. Da ka ce mini, "Abu Anas, yaron yana da tsayi, amma yana buƙatar shekara guda ta gyara," wallahi da na gode maka, da kuma ya yi karatunsa a gida yana gyaran a hankali. Ba a kan ya kasa nake fushi ba. Kowa yana iya kasawa. Ina fushi ne a kan an tambaye ka gaskiya a lokacin da take da amfani, ka zaɓi abin da zai ƙawata sunanka, da abu ya lalace kuma ka ɗora wa yaro.

Wai bai dage ba. Bari in gaya maka inda yake yanzu. Bai bar jami'a ba, yana maimaita darussan da ya faɗi. Duk Juma'a bayan la'asar yana wani ƙaramin fili a Tandabawi, cikin yaran firamare, yana koyon buga ƙwallo da hagu daga farko. Yaran suna ƙwace masa suna dariya, shi ma ya yi dariya ya sake karɓa. Dattijon Jidda ya ce ya dawo gwaji baɗi, bai yi masa alkawarin komai ba, kuma mun fi jin daɗin wannan a kan rantsuwarka. Ko zai shiga ko ba zai shiga ba, Allah ne masani.

Da abin ya tsaya a nan, wataƙila da na haɗiye. Amma makon jiya na je makaranta taron iyaye, na ga hoton Anas a bango da rigar ƙungiya, an rubuta a ƙasa cewa ɗalibinmu da yake buga wa jami'a. Wani uba yana tsaye yana nuna wa ɗansa. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, na dawo gida aka ce ka tare Mu'az, ƙanin Anas, a bakin ƙofar makaranta, ka auna shi da kafaɗarka, ka ce ya gaya wa babansa ka samu magajin yayansa. Yaron ya shigo yana murna. Yayansa yana zaune a falo, ya tashi ya fita.

Don haka ga abin da nake nema, a gaban iyaye da Mudir.

A cire hoton nan, ko a gyara rubutun ya faɗi gaskiya. A gyara kwandon kafin a sake ɗaukar bidiyon ɗan kowa. A daina fitar da yara daga aji saboda atisaye, wanda makinsa ya faɗi a sanar da iyayensa da gaske, ba a shafa masa mai ba. Dogon yaro a koya masa abin da ake koya wa gajere, domin tsayin da ya fi kowa a nan ba lallai ya fi kowa a gaba ba. Kafin a ce wa wani uba ɗansa ya shirya, a kai yaron ya yi atisaye da 'yan jami'a ko na kwana biyu ne, uban yana kallo, wanda ba shi da kofi a cikin maganar ya faɗi ra'ayinsa. Iyaye kuma, 'yan uwana, in an zo muku da bidiyo, ku tambaya a wane fili aka ɗauka, da wa aka kara.

Na ƙarshe kai kaɗai ya shafa. Ka nemi Anas. Ba ni nake buƙatar ban-haƙurinka ba. Har yau bai yarda a faɗi aibinka a gabansa ba, in na fara sai ya ce, "Baba, Kaftin ne fa." Maganar da ka yi a walima ta kai kunnensa, kuma ya ɗauke ta, domin daga bakinka ta fito. Ka je ka zauna da shi ka gaya masa abin da kai da ni muka sani, cewa ba juriya ya rasa ba, koyarwa ce ba a yi masa ba. Mu'az kuma yana gida. Ba zai taka filinka ba sai yayansa ya ce ya je, ni na bar hukuncin a hannunsa.

Allah ya sa ka karanta wannan da zuciyar da na rubuta ta. Allah ya yi wa aikinka albarka, ya shirya maka zuriya, ya haɗa 'ya'yanka da malaman da za su gaya maka gaskiya a kansu tun da sauran lokaci.

Wassalam, daga ɗan uwanka da bai yanke zumunci ba,

Sa'idu, Abu Anas
Mansur, Makka