Ni Na Tona Asirin Ciwon Mijina Kansila

Assalamu alaikum masu wannan shafi. A sakaya sunana, kuma kafin ku yanke mani hukunci ku saurare ni har ƙarshe.

A yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa muke, ba zan faɗi ƙaramar hukumar ba. Mijina kansila ne. Su goma ne a majalisarsu, jam'iyyarshi na da shida, 'yan adawa huɗu. Bara ɗaya daga cikin shidan ya rasu, har yau ba a cike gurbinshi ba, suka koma biyar da huɗu. Sai ga Alhaji mijina ya faɗi a gona, ɓarin jikinshi ya shanye, magana ma da ƙyar. Likita ya ce hutu kawai. Amma duk ranar zama sai 'yan jam'iyya su zo da mota, su sa mashi babbar riga don a rufe lalurar, su bi da shi hanyar nan tamu mai ramuka, don dai ya ɗaga hannun da ya rage. Ya dawo yana rawar jiki, wani lokaci ya jiƙa wando. Wa ke wanke shi? Su?

Na roƙi shugaban jam'iyyarsu. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. In kujerarshi ta faɗi mun zama huɗu da huɗu, kasafi ba zai wuce ba." Na ce, "Shugaba, in shi ya faɗi fa?" Ya ce rai na Allah ne.

To ni ce na aika wa 'yan adawa labarin halin da yake ciki, a ɓoye. Yanzu sun tada magana a bayyana kujerar babu kowa, an daina zuwa ɗaukarshi. Kasafi ya tsaya, har da rijiyar burtsatsen da ƙauyenmu ke jira, wannan kam ina jin kunyarta. Amma ban yi nadama ba, gobe ma zan sake.

Abin da ke cina shi ne, yayanshi ya ɗora laifin kan direbanmu, ya kore shi. Jiya kuma ina ba Alhaji kunu ya riƙe hannuna, ya ce, "Wa ya sayar da ni?" Na ce sha kununka.

In na faɗa mashi ni ce, aurena na iya mutuwa, kuma ba mai jinyarshi kamar ni. In na yi shiru, bawan Allah na ɗauke da laifina. Me zan yi?