Labarin da Na Karanta wa Baba Maiturare

Asabar, 3 ga Rajab

Yau ma ba aiki. Mazen mai siton tura kaya inda nake aiki ya ce jirage sun rage shigowa tashar ruwa, mu je mu huta. Na dawo unguwarmu Waziriyya na tarar da Baba Maiturare a ƙofar ɗakinsa, rediyo manne da kunne, kayansa a ɗaure wata uku ke nan. Shekararsa talatin da ɗaya a Jidda ba iƙama, takardar izinin zama, yanzu gida yake so. Kowa ya san yadda ake yi: ka fara tura kaya ta ruwa, sannan ka miƙa kanka tarhil, inda ake tsare marasa takarda kafin a kwashe su gida, don can da jaka ɗaya ake mayar da mutum. Amma ya ƙi tura kayan.

Lahadi, 4 ga Rajab

Muna cin gurasar tamis na tsokane shi, na ce Baba ko ruwa kake tsoro. Ya ce ba ruwa ba, Mai Dogon Hannu. Haka yake kiran babbar ƙasar nan da ta jibge jiragen yaƙi a teku. Ba ya kama sunanta, wai marar takarda ba ya ambaton manya.

Ga lissafinsa. Burodi ya yi tsada a can, ana ta sallamar ma'aikata, zaɓe kuma ya matso. Shugaban da ya kasa sauko da farashi, in ji shi, rigima yake nemowa a waje don mutanensa su juya su kalli teku. "Ba mu ne a gabansu ba, Musbahu. Tukunyarsu ce a gabansu." Don haka kayansa ba za su hau ruwa ba sai an gama zaɓen.

Na ce ranka ya daɗe, minista. Ko murmushi.

Talata, 6 ga Rajab

Na yi wata tsiya. Ismail abokin ɗakina ya riƙe waya, ni na ɗan toshe hanci na yi muryar mai karanta labarai, har da kiɗan buɗewa. Na ce ƙasar nan ta janye jiragenta, hanya ta buɗe. Muka tura wa Baba ta wayar wani. Fuskar minista kawai nake so in gani.

Laraba, 7 ga Rajab

Sau uku ya saurara. Ya ce nasa rediyon bai faɗa ba, amma wannan ai muryar rediyo ce, ba hirar shayi ba. Can ya ce, "Ashe ban san komai ba."

Dariyar ba ta zo ba. Na ce bari ya kwana da shi, gobe in faɗa masa. Sai Mazen ya kira, yalla, aikin kwashe kayan wani gida a Aziziyya, kwana biyu.

Juma'a, 9 ga Rajab

Ɗakin Baba wayam. Ranar Laraba da yamma ya kai kayan sitonmu, jiya da safe ya miƙa kansa. Ismail ya ce ya yi zaton na riga na gaya masa. Ya bar mini rediyon da kwalbar turare ɗaya.

Asabar, 10 ga Rajab

Na kunna rediyon. Mai Dogon Hannu ta ƙaro jirage, an yi harbe-harbe, masu jiragen kaya sun dakata. Tiryan-tiryan yadda ya faɗa.

Ban ci abinci ba.

Lahadi, 11 ga Rajab

Na samu Mazen da sassafe. Kwantenar da aka sa kayan Baba ta cika, da kayan mutane da yawa, da la'asar mota za ta shigar da ita tasha. In ta shiga, irina ba ya taka ciki, kuma ba wanda ya san watannin da za ta yi a rana. Ya ce halas, an gama takardu. Na faɗa masa abin da na aikata, duka. Ya dube ni kamar ya mare ni. Ya ce abu ɗaya zai iya cirewa daga takarda, ɗaya tak, kuma ni kaɗai zan sauke in mayar.

Ban yi dogon tunani ba. Akwatin Inna Lubabatu, matar Baba da aka binne a nan. Zannuwanta ne da Alƙur'aninta a ciki, 'yarsu Zubaidatu yake so ya kai wa a Gusau.

Can ƙurya yake. Firji biyu, katifu, buhunan dabino, duk sai da na fitar. Direba ya iso yana ta danna oda ina kan mayarwa. Farcena ɗaya ya fita. Keken ɗinkin Baba da kwalaben turare sun tafi, ina kallo aka rufe.

Laraba, 14 ga Rajab

Baba ya kira daga tarhil da wayar aro. Ban bari ya gama gaisuwa ba, na ce Baba muryar nan tawa ce. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Ke nan lissafina daidai ne?"

"Daidai ne, Baba."

"Ja'iri." Ya yi numfashi. Ya tambayi akwatin, na ce yana wajena. Ya ce kada in kuskura in tura sai bayan zaɓensu, kuma in riƙa sauraron kuɗin burodinsu, in ya sauka ruwa zai lafa. Keken ɗinkin bai tambaya ba. Gara da ya tambaya.

Bai ce ya yafe ba. Mai wayar ya karɓi abarsa.

Juma'a, 23 ga Rajab

Ismail ya ce in yi muryar nan mu rikita mai shagon ƙasa. Na ce maƙogwarona na ciwo.

Akwatin na ƙarƙashin gadona, na ɗora shi kan katako saboda danshi. Rediyo ya ce farashi ya sake hawa a can. To ba yanzu ba. Saura wata huɗu zaɓensu. Na sayo batir.