Kada Ka Mayar da Inuwar Nan

Yaya,

Na jira ka har ƙarfe tara, ina ta safa da marwa tsakanin ƙofa da taga. Zan makara wurin aiki, na tafi.

Na duba laftof ɗinka. A wasan tseren motar nan komai ka ƙure shi: inuwa, ƙyallin ruwa, har ganyen bishiyoyin gefen titi. Shi ya sa fankar kwamfutar take kuka kamar injin markaɗe, mota tana tafiya tana cijewa. Na kashe inuwar, na rage kaifin hoto zuwa matsakaici. Kwamfutar kuma na ɗauke ta daga kan katifa, na ɗora ta a tebur bisa murafen kwalba huɗu don ta sha iska.

Don Allah kada ka mayar da inuwar nan kafin gasarku ta la'asar. Tsere za ka yi, ba kallon bishiya ba.

Sai kuma ka yi haƙuri. Dole na gwada, sai na shiga titin dutsen da ka yi wata biyar kana cewa kwamfuta ce take kayar da kai. Wallahi zagaye ɗaya na yi niyya, na yi uku. Lokacinka da ke saman allo ya koma na huɗu, kuma na rasa inda ake gogewa.

Yanzu babu abin da yake cijewa. In aka wuce ka yau, ka nemi wani abin zagi, kwamfuta dai ta fita haƙƙinka.

Auta